Mai Haƙori da Zomon da Aka Bar Masa

Duk wanda ya yi zama a layin bayan tashar mota shekara talatin da suka wuce ya san shagon Mai Haƙori. Ɗan ƙaramin shago ne a ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin kantin magani da mai gyaran agogo. A ƙofa akwai allo da aka zana baki yana dariya, haƙora reras, ruwan sama ya ci rabin fentin amma dariyar ba ta goge ba. Shi ba likita ba ne, kuma in ka kuskura ka ce masa likita, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ka ta saman tabarau.

"Likita cirewa yake yi. Ni mayarwa nake yi."

Haƙoran roba yake haɗawa. Tun yana shekara goma sha bakwai ya koyi aikin, bai taɓa yin wani ba. A kan teburinsa akwai fitilar narka kaki, da filaya iri uku, da magagari manya da ƙanana a jere cikin tsohon gwangwanin madara, da injin gogewa mai ƙara kamar sauro. Shagon kullum warin kaki da farar ƙasa yake. Tsoho zai shigo da hannu a baki, kumatu sun lotsa, ba ya son magana. A ɗauki awon dasashinsa, a ce ya dawo bayan kwana biyar. Ranar da aka saka masa, sai Mai Haƙori ya miƙo ɗan madubi mai tsagaggen gefe, ya koma baya ya harɗe hannu yana jira. Ya ga tsofaffi sun yi dariya a madubin nan, ya ga waɗanda suka yi kuka. Akwai wani direba da ya fito daga shagon ya bi layi yana gaida mutanen da bai sani ba, don kawai a gani.

Kuma ba mai fita sai an yi masa huɗuba. Ita ɗaya ce, ba ta canzawa, har mai gyaran agogo ya haddace ta yana taya shi ta bayan katako.

"Ban da ƙashi, ban da ƙanƙara, ban da buɗe kwalba da baki. Haƙori dukiya ne. Abin da ya goge ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Ka lallaɓa shi da abu mai laushi."

Gaskiya ce kuwa, a bakin ɗan Adam. Ku riƙe wannan huɗubar, don ita ce ta kusa yin kisa.

Mutumin kirki ne, ba a raba shi da wannan. Amma taurin kai, wayyo! In ya ce bango fari ne, ko ka kawo masa gawayi ka goga a gabansa sai ya ce idonka ne. Matarsa, wadda duk layin ke kira Inna, ta yi shekara arba'in da ɗaya tana fama da shi. Ita ce ta raɗa masa Injiniyan Baki. Sun yi musu a kan gishiri, sun yi a kan wane ɗaki ya fi iska, sun yi a kan shekarar da aka haifi ɗansu na biyu, ita da ta haife shi. In hujja ta ƙare masa sai ya tashi ya ce zai duba ko an rufe famfo. Ita kuma ta bi shi da murya.

"Je ka dawo, Injiniya. Wata rana da bakinka za ka ce min, kin yi gaskiya. Ko a kan abu ɗaya ne."

"Sai ki yi ta jira."

Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma su nasu saɓanin shi ne hirarsu. Ranar da ba su yi ba, 'ya'ya kan tambaya ko wani ba shi da lafiya.

Yara suka girma suka watse, Auta ce ta ƙarshe, ta yi aure ta koma can ƙarshen gari. Gidan, ɗaki biyu da falo a hawa na biyu, ya yi wa Inna faɗi. Wata rana ta dawo daga kasuwa da kwali a hammata, ta buɗe, sai ga ɗan zomo ruwan toka mai farin goshi. Ya fito ya bi falon kusurwa-kusurwa yana shinshina, ya leƙa ƙarƙashin kujera, ya duba takalman maigidan ɗaya bayan ɗaya. Inna ta ce wannan ai Sufeto ne, ya zo binciken tsafta. Sunan ya zauna.

Mai Haƙori ya ce ba zai kwana gida ɗaya da abin yanka ba. Bayan wata biyu shi ne ya ƙera masa ɗaki na katako da waya a baranda, har da ƙofa mai sakata.

Abin da bai taɓa yarda da shi ba shi ne abincin. Kowace Asabar da safe Inna takan ɗauki buhu da lauje ta tafi gefen layin dogo ta yanko doguwar ciyawa. Ta shanya ta a baranda sai ta bushe ƙarau, sannan ta zauna a kujerarta ta roba ta ɗaɗɗaure ta dami-dami da yagaggun ƙyallen tsohon zaninta. Ta haɗo da 'yan ƙirare, ta jefa masa. Shi kuwa Sufeto ya wuni yana gurza. Ƙurus, ƙurus, ƙurus. Da rana in Mai Haƙori ya hau gida zai ɗan kishingiɗa, wannan ƙarar ce ke shiga masa har cikin ƙwaƙwalwa, shi da ya san yadda haƙori ke gogewa.

"Innar yara, ki ji tsoron Allah. Itace fa kike ba shi. Za ki cinye masa haƙora tas, ya dawo wawulo, ni kuma ba ni da awon bakin zomo."

"Ka bar shi. Haka nasu yake, sai da tauri."

"Wa ya gaya miki? Shekara nawa ina wannan aikin?"

"Kakata ta yi kiwonsu, ban taɓa ganin ta dama musu komai ba."

"Rowa ce dai."

"To, rowa ce. Je ka duba famfo."

Shekara biyar ana wannan. A ta shida ciwo ya kwantar da Inna, bai kuma ɗauki lokaci ba. Kwana biyu kafin ta cika, a gadon asibiti, ta kama hannun rigarsa. Ya sunkuya yana zaton wata babbar wasiyya ce.

"Ka riƙe min Sufeto. Kuma don Allah kada ka kashe shi da gata."

Ya yi dariya don kada ya yi kuka, ya ce ko a nan ma sai ta tsokane shi. Allah ya ji ƙanta, ita ce magana ta ƙarshe mai tsawo da suka yi.

Da aka watse daga zaman makoki, ya rage daga shi sai zomo. Shagon ma ya riga ya rufe shi tun bara, hannu ya fara rawa, kayan aikin suna cikin akwati a ƙarƙashin gado. Sai ya ɗauki duk son da ya rasa inda zai kai ya juye wa Sufeto. Buhun ciyawar nan ya ɗaga ya cilla saman kabad ɗin baranda, ya ce an gama wahala. Da safe burodi jiƙaƙƙe, da rana ayaba da aka murƙushe da cokali, da yamma karas da aka goga a magogi har ya yi laushi kamar auduga. In ya sha shayi, biskit ɗaya nasa ɗaya na Sufeto, shi ma a jiƙe. Zomo ya samu banza, ya ci ya yi ƙiba, gashi ya yi sheƙi. Gurzar nan ta ɗauke ɗif. Mai Haƙori yakan dubi kujerar roba ya ce a ransa, da kina nan da kin ga yadda ake riƙon haƙori.

Wata tara aka yi haka. Sai Sufeto ya fara zaɓen abinci. Ya zo da gudu wurin kwano, ya ɗauka, ya sake, ya koma gefe ya takure. Haɓarsa kullum a jiƙe da yawu, gashin wurin ya cuccure. Ido ɗaya ya fara hawaye. Mai Haƙori yana shara ya lura kashin ya ƙanƙance, ya kuma ragu. Da ya ɗaga shi sai ya ji ƙashin baya a tafin hannunsa.

Ya ɗora shi a cinya ya ɗaga leɓen. Haƙoran gaba na ƙasa sun yi tsawo sun turo waje, na sama sun lanƙwashe ciki kamar ƙugiya. Ya yi shekara hamsin yana duba baki, bai taɓa ganin haƙorin da ya ƙara tsawo ba. Amma maimakon ya tambaya, sai ya jawo akwati daga ƙarƙashin gado. Ya shimfiɗa tawul a tebur, ya jera filaya da magagari, ya goge tabarau. A haka Auta ta shigo ta same shi, ta zo kawo masa wanki kamar yadda take yi duk Talata. Zomo a naɗe cikin tawul, filaya a hannun tsoho tana kaɗawa.

"Baba! Me za ka yi?"

"Ɗan datsewa ne. Aikin minti biyu."

"Da wannan hannun? Baba, ka ajiye. Akwai likitar dabbobi a bayan gidan mai, mu tafi yanzu."

"Ni za a kai wa haƙori wurin wani? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

Auta 'yar uwarta ce, ba ta ɗaga murya. Ta ajiye wankin ta ce, "In ya tsage a hannunka, me za ka ce wa Inna?"

Ya dubi filayar, ya dubi hannunsa. Ya mayar da ita cikin akwati, ya ce dama shi ma yana da niyyar zuwa, don a ji ra'ayin wani.

Wanzami ba ya son jarfa. Tun a ɗakin jira, tsakanin wata mata mai kyanwa a kwando da wani mai kare da bandeji a ƙafa, yake ƙunƙuni cewa wurin warin magani ya yi yawa. Likitar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar Auta ba, da ƙaramar murya da hannu mai sanyi. Ta gaishe shi har da russunawa. Ta shafa muƙamuƙin zomon ta ƙasa, ta zura wani ɗan ƙarfe mai fitila ta gefen bakin, ta daɗe tana leƙe.

"Baba, me yake ci?"

Nan fa ya gyara tsayuwa. Ya lissafo burodi da ayaba da gogaggen karas, ya ƙara da cewa wata tara ke nan ko tsinke bai bari ya tauna ba, don shi ma'aikacin haƙori ne, ya san darajarsa.

Likitar ta dube shi. Daga gani tana neman inda za ta ajiye maganar ne ba tare da ta fasa wani abu ba.

"Baba, zo ka leƙa da kanka, kai za ka fi ni ganewa."

Ya sa ido. Can ciki turamen sun yi tsawo, gefensu ya yi tsini kamar ƙaya. Na ƙasa sun yanki harshe, na sama sun huda kumatu, wurin ya yi ja ya kumbura. Kowace loma da ya ba shi da hannunsa, a kan wannan miki ta bi.

"Namu haƙorin in ya fito ya tsaya," in ji ta. "Na zomo ba ya tsayawa, har ya mutu tsiro yake, na gaba da na ciki duka. Busasshiyar ciyawa ce magagarinsa. In yana gurzarta wuni guda, tana cinye abin da ya tsiro. In aka daina ba shi, haƙori ya ci gaba da aikinsa, sai ya zama haka. Da ka datse na gaban da filaya, zai iya tsagewa har saiwa, na cikin kuma suna nan."

"Wato gogewar ita ce lafiyarsa."

"Ita ce, Baba. A da, wa yake ba shi abinci?"

Auta ce ta ce, "Mahaifiyarmu. Ciyawa take ba shi." Likitar ta ce ai shi ya sa ya kai shekara shida da baki lafiya. Ba da mugunta ta faɗa ba, amma da ta mare shi da ya fi masa sauƙi. Kunya ta rufe shi, da baƙin ciki, ya nemi kujera ya zauna.

Ta yi musu bayani ba ɓoye-ɓoye. Sai an yi masa allurar barci a goge turamen da inji, a rage na gaba. Ya tsufa kuma ya rame, zai iya tafiya a cikin barcin. In ya farka, sauran aikin na gida ne. Cikin zomo ba ya son zama wayam, in ya daɗe ba abin da ke wucewa sai hanjin ya tsaya, daga nan kuma sai dai haƙuri. Za a riƙa ɗura masa abinci da sirinji, amma wannan jinkiri ne kawai. Sai ya koma cin ciyawa da kansa za a ce ya tsira.

Suna zaune a benci aka kunna injin a ciki. Ƙarar sauron nan ce, irin ta shagonsa sak. Ya rufe ido, sai ga warin kaki, ga Inna ta leƙo ƙofar shago da kwanon abincin rana tana cewa Injiniya a wanke hannu. Auta ta ga leɓensa na motsi, ba ta tambaye shi ba.

Sufeto ya farka. Suka koma gida da maganin ciwo da sirinji da garin da ake damawa. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, to haka aka yi. Likitar da ta goge shi bai ce mata komai ba, amma Mai Haƙori na matsowa sai ya juya masa baya. Duk awa huɗu tsoho yakan naɗe shi a tawul ya ɗura masa ta gefen baki, rabi ya shiga rabi ya zube a wando. Auta ta sayo ciyawa a leda daga kantin kayan dabbobi, mai kyau, koriya shar. Sufeto ya shinshina ya kau da kai. Washegari Mai Haƙori ya ɗauki laujen Inna daga bayan ƙofa ya tafi gefen layin dogo, bai ma san wace iri take yanka ba, ya yanko abin da ya samu, ya dawo da ƙaiƙayi a hannu da ciwon baya. Wannan ma ko kallo.

Rana ta uku da la'asar, kwanon yana nan yadda aka ajiye shi. Zomon ya lafe a kusurwa, kunnuwa a kwance, ido rabi a rufe. Auta ta tafi ɗauko yara daga makaranta, ta ce za ta dawo su koma wurin likita. Mai Haƙori ya tsaya a baranda shi kaɗai, tsoro ya kama shi sosai. Abu ɗaya tak matar nan ta bar masa amana, ga shi yana mutuwa a hannunsa, kuma shi ya jawo. Ya ɗaga kai don hawayen su koma, sai idonsa ya sauka a kan bakin buhu a saman kabad.

Ya jawo tebur ya hau, abin da da Auta ta gani da an yi rigima. Buhun ba nauyi. Ya sauko da shi ya kwance. Ƙamshin busasshiyar ciyawa ya taso, ƙamshin barandar nan na kowace Asabar. Wurin a bushe yake, ba abin da ya taɓa ta. Dami bakwai ne, kowanne an ɗaure shi da ƙyallen zanin nan shuɗi mai zanen ganye, da irin ƙullinta na zarge da ake ja sau ɗaya ya warware. Ya tuna zanin. Shi ya saya mata, ta ce launin bai yi ba, ta kuma ɗaura shi har ya mutu.

Ya ja ƙullin ɗaya. Ya durƙusa da ƙyar ya tura ciyawar ta ƙofar sakata, har da ƙyallen, ya ja da baya ya zauna a ƙasa.

An daɗe ba abin da ya faru. Can sai hancin ya fara motsi. Kunne ɗaya ya tashi. Sufeto ya jawo jiki, ya shinshina ƙyallen tukuna, ya daɗe a kansa, ya goga masa haɓa. Sannan ya zari tsinke ɗaya dogo. Tsinken ya riƙa gajercewa a bakinsa a hankali har ya ɓace. Ya zari na biyu.

Ƙurus. Ƙurus. Ƙurus.

Wata tara rabon gidan da wannan ƙarar. Shekara biyar yana tsine mata, ga shi yau ya riƙe numfashi don kada ya rasa ko ɗaya. Likitar ta riga ta gaya masa cewa sai an riƙa kawo shi gugar haƙori duk bayan 'yan watanni, kuma dami bakwai ba za su kai ko'ina ba, dole ya koyi irin ciyawar da yadda ake shanya ta. Duk ya ji, zai yi. Ya share fuska da hannun riga, ya juya wajen kujerar roba da ke jingine da bango, inda ba wanda ya zauna tun ranar da ta rasu. Ya gyara murya kamar mai shirin musu.

"To, Innar yara," ya ce. "Kin yi gaskiya."

Ya saurara, kamar yadda ya saba, ya ji me za ta ce. Sufeto ya zari tsinke na uku.